Wa Ya San Gadar Da Ruwa Zai Ci A Damina Mai Zuwa?

A tsakiyar watan Agusta na shekarar 2021, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya karya wata gada a ƙauyen Radabi, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, a kan hanyar da ta tashi daga Gwaram zuwa Basirka. Matafiyan da ke kan hanya suka afka cikin ramin da ruwan ya bari, 'yan sanda kuma suka ba da sanarwar cewa mutum 21 ne suka rasa rayukansu. Waɗannan bayin Allah kuɗin mota suka biya, suka zauna a kujerunsu, suka amince da cewa duk inda aka shimfiɗa kwalta to akwai ƙasa a ƙarƙashinta.

'Yan'uwa masu karatu, ba don mu fama tsohon miki muka ɗauko wannan labari ba. Dalilinmu shi ne, duk shekara idan damina ta yi nisa mukan ji ana lissafin gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya shanye, ana raba buhunan masara da tabarmi, amma ba safai ake maganar hanya ba sai ranar da ta yanke. Alhali kuwa hanya ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke fitar da hatsi zuwa kasuwar Shuwarin da ta Gujungu, kuma ta kanta ne kayan agajin da ake alkawari za su bi su iso. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, wuraren da ruwa ke cin hanyoyin ƙasar nan sanannu ne, ana iya auna su, a ƙidaya su, a zana su a taswira tun da rani. Rashin yin haka sakaci ne, kuma da rayukan mutane ake biyan kuɗinsa.

Ruwa ba ya mance hanyarsa

Bari mu duba abin da ya faru a idon kowa. A watan Satumba na 2012, Kogin Neja ya cika ya batse, ya rufe babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, matafiya suka kwana a kan titi, waɗansu suka ƙetare da kwale-kwale. A wannan shekarar hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 suka mutu, fiye da miliyan 2 kuma suka rasa matsuguni. Bayan shekara goma cif, a watan Oktoba na 2022, ruwa ya sake hawa wannan hanyar a wajen Koton Karfe. Tankokin mai da tireloli suka yi jerin gwano ba gaba ba baya, har aka shiga layin mai a Abuja. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasa, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Haka nan a Jihar Neja. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye, zirga-zirga tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa ta tsaya cik. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa garin Mokwa kansa, ta kashe mutane fiye da 150, ta lalata hanya da gadoji. Mu dawo kusa da gida. A watan Agusta na 2024 ruwa ya datse hanyar Kano zuwa Maiduguri tsakanin ƙauyukan Malori da Guskuri, a Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi. Wannan ita ce tagwayen hanyar da ta ratsa ta Shuwarin a nan ƙofar Dutse, wadda aka ba da kwangilarta tun 2006, kuma ɓangaren da ruwan ya ci bai wuce 'yan shekaru da gamawa ba.

Wanda ya jera waɗannan labarai zai ga cewa ruwa ba ya zaɓen wuri da ka. Inda ya bi jiya, nan yake nema gobe. To, abin da ke maimaita kansa a wuri ɗaya ai ya wuce a kira shi ba-zata.

Abin da hukumomi ke sanarwa

Kada mu yi rashin adalci, akwai aikin da ake yi. Hukumar kula da yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ita kuma hukumar kula da koguna da ruwayen ƙasa, NIHSA, tun 2013 take fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara. A 2024 ta ce ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 suna cikin babban haɗari. A 2025 ta ƙara matsowa kusa, ta ce garuruwa da ƙauyuka 1,249 ne a ƙananan hukumomi 176. Wannan ci gaba ne, muna kuma yaba musu.

Sai dai abin da ke isowa kunnen talaka ta rediyo sunayen jihohi ne da na ƙananan hukumomi. A ce an gaya wa direban da ya ɗauko fasinja daga tashar Dutse cewa Gwaram ko Ringim ko Auyo suna cikin haɗari, me zai yi da wannan magana? Ƙaramar hukuma guda tana da hanyoyi barkatai da kwalbatoci masu ɗimbin yawa. Abin da direban ke bukata ya sani shi ne wace gada, a wane kilomita, bayan ruwan awa nawa, kuma idan ta yanke ta ina zai zaga. Wanda zai ware kuɗin gyara a ma'aikatar ayyuka shi ma amsar da yake bukata ke nan.

Ruwa iri biyu a Jigawa

Jiharmu, wadda aka ƙirƙiro daga Kano a watan Agusta na 1991, tana fama da ruwa iri biyu, kuma kowane da yadda yake cin hanya.

Na farko shi ne na kwarin Kogin Haɗeja. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su gangaro ta Ringim da Taura, su bi ta wajen Miga da Auyo zuwa Haɗeja da Guri. A samansu akwai madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ga yashi ya cike cikin kogin, ga ciyawar kachalla ta toshe rassansa, saboda haka idan ruwa ya yi yawa sai ya fantsama cikin fadama ya kwanta makonni. A 2010 gwamnatin jiha ta ɗora alhakin babbar ambaliyar shekarar a kan ruwan waɗannan madatsu biyu, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa ta musanta. Ko wane ne ke da gaskiya, irin wannan ruwa yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso, don haka akwai lokacin yin gargaɗi ga mai niyya.

Na biyu shi ne ruwan tudu, irin na Dutse da Birnin Kudu da Gwaram. Mu da ke zaune a Takur mun san shi sarai. Ruwa ya sauka a kan duwatsun da suka kewaye garin nan, ba ƙasar da za ta shanye shi, cikin ɗan lokaci sai ga shi a kwata yana gudu da ledoji da yashi. Rafin da yara ke wasa a cikinsa da rani yakan zama abin tsoro cikin dare ɗaya, kafin gari ya waye kuma ya janye ya bar ɓarna. Wannan ruwa ba ya ba da wa'adi. Maganinsa sai dai a san wuraren da yake bugawa tun bai zo ba.

Ya kamata kuma mu fahimci yadda hanya ke mutuwa. A ƙasa mai kwari, ana yin ciko ne a ɗaga titi sama, sai titin ya zama tamkar madatsa a gaban ruwa, ba shi da mafita sai ta kwalbati. Idan kwalbatin ya yi ƙanƙanta, ko yashi da shara sun cushe shi, ruwa zai taru a gefe ɗaya har ya haura titin, ya fara zaizaye ɗaya gefen. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, sunan jihar ma ya faɗa. Sau da yawa ruwan yakan kwashe cikon da ke ƙasa ya bar ɓawon kwalta a sama, mai kallo ya ga hanya lafiya lau, sai mota mai nauyi ta hau ta rufta. A gada kuma, ruwa yakan yi ta ƙwaƙule yashin da ke gindin ginshiƙai da inda gadar ta haɗu da titi, shekara bayan shekara, ba mai gani sai wanda ya sauka ƙasa ya duba.

Mene ne taswirar haɗari?

Aikin ba sihiri ba ne. Tambayoyi uku ake yi wa kowane yanki na hanya.

Ta farko, ina ruwa ke kaiwa, kuma zurfinsa nawa? Ana samun amsa daga ma'aunin ruwan sama na shekaru masu yawa, da ma'aunin cikar koguna, da awon tudu da kwarin ƙasa, da hotunan tauraron ɗan'adam na ambaliyar da ta wuce. Nijeriya ta harba tauraronta na farko tun 2003, kuma a yau akwai hotunan sama da ake samu kyauta, har da waɗanda ke gani ta cikin hadari.

Ta biyu, hanyar za ta iya jurewa? Nan dole mutum ya taka da ƙafarsa, ya auna tsayin ciko, ya auna bakin kowane kwalbati, ya leƙa ƙarƙashin kowace gada, ya rubuta shekarar da aka gina ta da halin da take ciki.

Ta uku, idan ta yanke wa zai sha wahala? Motoci nawa ke binta a rana? Akwai wata hanyar zagaye, ko kuwa ita kaɗai ce? Ƙauyuka nawa za su rabu da asibitin Jahun ko na Birnin Kudu ko na Dutse? Ƙaramin kwalbati a kan hanya tilo da ke kai mata haihuwa yana iya fin babbar gadar da ke da madadi muhimmanci.

Idan aka haɗa amsoshin nan uku, sai a fito da jeri: ga wurare masu ja da ke bukatar aiki kafin damina, ga waɗanda za a sa wa ido, ga waɗanda za su iya jira. Amfanin taswira ke nan, ta nuna inda naira ɗaya za ta fi yin aiki.

Akwai wata kalma ta injiniyoyi da ke ruɗa jama'a. Sukan ce an gina gada don ta jure ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara 100. Mutum ya ji haka sai ya ɗauka idan ta zo bana, shi ke nan sai jikoki. Ba haka ba ne. Ma'anar ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, idan kuwa aka tara shekara 30 yiwuwar ta kai wajen kashi 26, wato ɗaya cikin huɗu. Bugu da ƙari, da ruwan shekarun baya aka yi wannan lissafi. Yanzu garuruwa sun faɗaɗa, an sare itatuwa, an rufe filayen da ke shan ruwa da siminti da kwano. Kwalbatin da ya wadatar lokacin da Dutse take hedikwatar ƙaramar hukuma ba lallai ne ya wadatar da babban birnin jiha ba.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun yi nisa a wannan aiki. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da sabon lissafinta na ƙasa baki ɗaya, inda ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon hanyoyin ƙasar yana wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Ba su ɓoye wannan adadi don kunya ba, sun buga shi don a san inda za a fara. Wani bincike kuma da aka buga a mujallar Nature Communications a 2019 ya gano cewa a cikin ɓarnar da bala'o'i ke yi wa hanyoyin mota da na jirgin ƙasa a duniya, kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne ke yin ta.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce hanyoyin Gwamnatin Tarayya kaɗai sun kai wajen kilomita 35,000, ina kuɗin bin su ɗaya bayan ɗaya? Amsarmu ita ce kuɗin awo da rubutu bai kai kuɗin sake gina gada guda ba, balle a haɗa da asarar tumatir da shanun da ke lalacewa a tirela idan hanya ta yanke. Kuma kwangilar gaggawa, wadda ake bayarwa ana tsakiyar marka, kowa ya san ta fi tsada, ta kuma fi wuyar bin diddigi.

Waɗansu za su ce an sha yin rahoto yana ƙarewa a cikin durowa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A watan Oktoba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ɗan jihar nan, kwana 90 ya fito da shirin kare ƙasa daga ambaliya. Bayan nan mun ga Malori, mun ga Mokwa. Shi ya sa muke cewa taswirar da ta tsaya a ofis ba ta da amfani. A manna ta a tashoshin mota, a karanta ta a rediyo da Hausa da Fulatanci, a ba hakimai da dagatai, domin idan an sanya wa gada alamar ja shekara uku a jere ba a taɓa ta ba, jama'a su san wanda za su tambaya.

Matsala ta uku ita ce hanya tana da iyaye da yawa. Wata ta Tarayya ce, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi FERMA, wata ta jiha, wata ta ƙaramar hukuma, madatsun ruwa kuma suna hannun wata hukuma dabam. Ruwa bai san wannan rabo ba. Muddin kowa na riƙe da takardunsa shi kaɗai, za a ci gaba da nuna wa juna yatsa a bakin rami. Taswira ɗaya ake bukata wadda duka za su sa wa hannu.

Namu alhakin

A cikinmu ma akwai masu cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Hakika rai da mutuwa suna hannun Ubangiji. Amma Littafi Mai Tsarki bai bar mu mu fake da wannan ba. A Maimaitawar Shari'a sura 22, an ɗora wa mai gina gida nauyin kange rufin soronsa, kuma idan ya ƙi, wani ya faɗo, alhakin yana kansa. A Ezekiyel sura 33, mai tsaron da ya hango haɗari ya yi shiru shi ake tuhuma da jinin waɗanda suka hallaka. Idan haka ne hukuncin mai soro ɗaya, yaya na mai hanyar da dubban mutane ke bi? Yaya kuma namu, mu da muka ga gindin kwalbati ya zaizaye muka ratse da babur muka wuce ba mu gaya wa kowa ba?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma muna zuba shara a kwata. A cikinmu akwai waɗanda suka sayi fili mai araha a kan hanyar ruwa, har da filin majami'a. Mukan shirya manyan tarurrukan zumuntar mata da na matasa a tsakiyar damina, mu cika motar haya, mu matsa wa direba ya yi tafiyar dare don a isa da wuri. Da dare kuwa baƙar kwalta da baƙin ruwa kamarsu ɗaya a hasken fitila. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30, wato bai kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota, wanda ya kai 60 kuma yana tafiya da yawancin motoci.

Muna da abin da za mu bayar wanda tauraron ɗan'adam ba shi da shi. Ikilisiyoyinmu suna cikin ƙauyuka, masu bishara da katikis suna bin waɗannan hanyoyi kowane mako, dattawanmu kuma sun san inda ruwa ya tsaya a 2010 da 2022, sun san tsohuwar hanyar rafin da aka gina titi a kanta. Kowace ikilisiya za ta iya buɗe littafi guda: sunan gada ko kwalbati, ƙauyen da ke kusa, abin da aka gani, da ranar da aka gani. Matasa su ɗauki hoto da waya. A tara wannan a kai wa dagaci da ofishin ayyuka na ƙaramar hukuma a rubuce, a ajiye kwafi. Wannan aiki ne da za mu yi hannu da hannu da maƙwabtanmu Musulmi da ƙungiyar direbobi, domin mota ɗaya muke shiga, gada ɗaya muke hawa.

Daga ƙarshe, muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta sa NIHSA da ma'aikatar ayyuka su zauna tare, hasashen ambaliya na kowace shekara ya fito da jerin gadoji da yankunan hanya da sunayensu. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da kada ta jira Abuja. Ƙananan hukumomi 27 ne kacal, ana iya ƙidaya kowace gada da kowane kwalbati a rani ɗaya, a fara da hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da Basirka, da ta Dutse zuwa Kiyawa da Jahun har Gujungu, da hanyoyin kwarin Haɗeja. A kowane wuri mai ja a kafa sandar awon ruwa mai fenti, a kuma naɗa mutum biyu daga ƙauyen da ke kusa, a ba su fitila da lambar waya da izinin tare hanya idan ruwa ya haura. Shugabannin ikilisiya kuma su hana tafiyar dare daga Yuli zuwa Satumba, ko da za a makara a taro.

Ba za mu iya dawo da mutum 21 na Radabi ba. Allah ya ta'azantar da iyalansu. Amma akwai wata gada a jihar nan wadda ruwa ke ƙwaƙule gindinta tun daminar da ta wuce, kuma akwai wanda ya gan ta. Idan kai ne, ɗan'uwa, ka faɗa tun rani bai ƙare ba.